Bazazzage, Mage Ba Ƙaramin Kare Ba Ce

Bawana Bazazzage, gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya rake, yaya tukunyar fate? Muddin ukun nan suna lafiya, na san ƙasar Zazzau lafiya take.

Na so in bar kaza cikin gashinta, amma wayar da ka yi mini daren Talata ta hana ni. Bayan isha'i ka kira, murya na rawa, ka ce: "Kyanwana ne ba shi da lafiya, yana ta karkarwa, miyau na zuba." Na ce muzurun? Ka ce a'a, wanda ya haihu da damina. Nan take na gano bakin zaren. Mutumin da a bakinsa mota "ne", riga "ne", uwargida ma "ne", wanda ya kasa raba mace da namiji a magana, ta yaya zai raba kare da mage a wajen magani?

Bari jama'a su ji abin da ya faru, don kada a ce Bakano ya yi maka sharri. Karen da ke gadin gidanka ya cika da kaska, har kunnensa ya yi nauyi. Da farko bakaniken layinku ya ba ka shawara ka shafe shi da baƙin mai. Ka shafe shi, kare ya koma kamar injin nika, ya goge jikinsa a bangon maƙwabta, kaska tana nan daram. Daga nan ka je ka sayo maganin nan da ake ɗigawa a ƙeyar kare. Wannan karon ka yi kai. Sai dai da ka ga ɗan saura a gindin robar, rowa ta motsa, ka ce ai ba a yi asara ba, ga mage can ma tana susa. Ka kamo baiwar Allah ka ɗiga mata. Garin neman gira, saura ƙiris a rasa ido. Kuma ku ne kullum kuke cewa Bakano ne mai ƙwauron kuɗi!

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda kake zaune. Samaru fa. Jifa ɗaya ce tsakaninka da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan tun 1962, ga tsangayar likitancin dabbobi, ga asibitin koyarwarta. Daga Kano da Katsina da Bauchi yara suke zuwa su koyi aikin a ƙofar gidanku su koma. Kai kuwa da abu ya ɓaci sai ka ɗauki waya ka nemi ubangidanka a Kano. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne da ɓeraye suka tilasta wa kiwon mage shekara da shekaru. Shi ya sa na ce maka a daren ka wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka naɗe ta a tawul, ka ruga wurin likitan dabbobi ba tare da jiran wayewar gari ba. Allah Ya sa tana da sauran kwana. Da ta mutu a hannunka, da sai in tuna maka hadisin matar nan da ta shiga wuta a kan kyanwa.

To buɗe kunne, tunda karatun kusa ya gagare ka.

Da yawa daga magungunan kaska na karnuka suna ɗauke da wani sinadari da ake kira fametirin. Jikin kare yana iya sarrafa shi ya fitar. Hantar mage ba ta iya narkar da shi yadda ya kamata, sai ya taru ya taɓa jijiyoyi: kunne ya fara motsi shi kaɗai, jiki ya ɗau rawa, miyau ya zubo, daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba shi da wani makari na kai tsaye, likita yana kwantar da jijjigar ne, ya tallafi jiki har dafin ya fita. Kuma ba sai an ɗiga mata ba. In an sa wa kare, ta je ta kwanta a jikinsa ko ta lashe shi kafin maganin ya bushe, ya isa. Raunin hantar nan ne ma ya sa farasitamol, wanda kake haɗiya kamar gyaɗa in fate ya yi maka yawa, yake kashe mage. Saboda haka masu yin maganin kaskar kare suke zana hoton mage a jikin kwali su ja mata layi. Hoto ne fa, bawana, ba Turanci ba. Ko wanda bai shiga aji ba ya san abin da ake nufi.

Akwai ma wasu biyu da na san za su ruɗa ka, don sunansu kamar Hassan da Hussaini. Advantage yana kashe ƙuma, ba ruwansa da kaska, kuma akwai na mage. Advantix yana kashe duka biyun, amma da fametirin a ciki, na kare ne kawai. Ƙarshen sunan ne ya bambanta, kuma mun san tsakaninku da ƙarshen kalma sai a hankali.

Na ji ma ka ce ƙumar da kaskar ai duk ƙwaro ne. Ba na mamaki. Amma hali daban, magani daban.

Ƙuma ƴar ƙarama ce, mai tsalle, tana tsere cikin gashi. In kana son tabbatarwa, ka tsayar da magen a kan farin ƙyalle, ka taje ta da matsefi mai ƙananan haƙora. Za ka ga wani baƙin gari kamar barkono yana zubowa. Ɗiga masa ruwa. In ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin dabbarka ne da aka sha aka fitar. Ga inda mutane suke faɗuwa: wadda kake gani a jiki ita ce ƴar kaɗan, wajen kashi 5 cikin 100. Sauran kashi 95 ƙwai ne da tsutsa da waɗanda suka naɗe kansu cikin saƙa suna jiran lokaci, kuma ba a jikin magen suke ba, suna cikin tabarmarka, da ƙarƙashin gado, da buhun da take kwana a kai. Macen ƙuma ɗaya tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda dabbar ta bi, kamar mai yafa iri. In yanayi ya yi mata daɗi, cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai ya zama uwa. In bai yi ba, ta cikin saƙar tana iya laɓewa watanni. Wannan ne ya sa mutum zai sa magani yau, bayan mako biyu ya ga ƙuma, ya ce jabu aka sayar masa. Ba lallai jabu ba ne, na cikin ɗaki ne suka ƙyanƙyashe. Sai an jera aƙalla wata 3 ana sawa ba fashi, an sa wa kowace dabba ta gidan irin nata, ana wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi ana shanyawa a rana, ana share lungu da saƙo a kwashe sharar a kai nesa. Kuma a haɗa da maganin tsutsar ciki, domin mage in tana lasar jiki ta haɗiye ƙuma, ta nan tsila take shiga cikinta. Ƴan jarirai kuwa, ƙuma tana iya shanye musu jini har su mutu.

Kaska kuma, raɓi mai jini, ita ba ta tsalle. Laɓewa take yi kamar Bazazzagen da ya hango mai bin sa bashi. Wadda ta fi addabar karnukanmu, mai ruwan ƙasa, tana iya yin rayuwarta kaf a cikin gida. Ta sha jini ta sauka, ta shige tsagar bango ta sake fata, ta dawo ta hau, har sau uku. Ta ƙarshe in ta ƙoshi ta kumbura, sai ta hau bango ta sami rami ta zuba ƙwai dubbai. Ka duba bangon ɗakin karen nan naka da tocila, sama-sama wajen rufi, za ka ga abin da nake faɗa. Ba shan jinin ne kaɗai illarta ba, cutar da take ɗurawa ta fi. Kare ya daina cin abinci, jiki ya yi zafi, dasashi ya yi fari fat, fitsari ya koma kamar shayi, wani har haɓo yake yi. In ka ga haka, an wuce maganar ɗige-ɗige, sai gwajin jini a asibiti.

Wajen cire ta, kada ka kawo mini hikimar Zazzau. Ba ashana, ba kananzir, ba man shafawa. Hantsaki za ka sa, ka kama ta daf da fata, ka ja a miƙe a hankali ba murɗawa. Kada ka fasa ta da farce. Jefa ta cikin kwalba mai murfi. Cikin kunne, tsakanin yatsu, wuya da hammata, nan ne maɓoyarta.

Sai zaɓen magani, wanda shi ne ya kai ka ya baro. Iri uku ne a kasuwa. Akwai na ɗigawa a ƙeya, kamar Frontline mai sinadarin fifironil, wanda ake sawa wata-wata, na kare daban na mage daban. Ana buɗa gashi ne a ɗiga a kan fata, inda harshe ba ya kaiwa, a kuma ƙyale dabbar ba wanka kwana 2. Kada a kusanta shi da zomo, kashe shi yake yi. Akwai ƙwayar da kare ke taunawa kamar nama: NexGard na wata guda, Bravecto yana kaiwa wajen wata 3. Su ta jini suke aiki, don haka wanka ko ruwan damina ba ya wanke su. Sai dai a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan rukunin yana jawo wa wasu dabbobi karkarwa ko jijjiga, saboda haka karen da ya taɓa faɗuwa a gaya wa likita tukuna. Na uku shi ne abin wuya mai magani, irin Seresto, da ke kaiwa har wata 8. Shi kuma matsalarsa jabu ta yi yawa.

In ni aka tambaya, gidan da kare da mage suke kwana tsakar gida ɗaya kamar naka, a haƙura da duk wani mai fametirin gaba ɗaya. A ba kare ƙwaya in aljihu zai ɗauka, a ɗiga wa mage nata mai hotonta a kwali. Na san za ka ce tsada. Gaskiya ne, da tsada, ko ni Bakano sai da na dafe ƙirji. In ya gagara, likita zai iya haɗa maka ruwan wankan amitiraz, irin wanda ake yi wa shanu, a gwargwadon da ya dace da kare, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Amma shi ne zai auna, ba kai da murfin jarka ba. Ba a yi wa mage, ba a yi wa ƴan kwikwiyo, ba a kuma yi wa doki, kafin ka je ka kwantar da dokin hawan sallar unguwarku.

Kowane iri ka ɗauka, da nauyi ake sayensa. Hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa rungume da dabbar, ka cire na farko daga na biyu. In lissafin ya gagara, kira ɗan firamare. Ba a raba na babban kare wa ƙanana biyu da ido. Yawancinsu ba a sa wa jaririn da bai kai mako 8 ba. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma saya a shagon magungunan dabbobi da aka sani. Wanda aka baza a faranti cikin rana a bakin tasha, ana ba ka shi rabin kuɗi, ka wuce shi. Araha ba ta ado.

Saura fiya-fiya. Uwargida ta tsegunta mini cewa kwalbar tana nan bayan ƙofa, wai kana shirin yi wa ɗakin kare feshi da kanka. Wannan guba ce da ke kwantar da mutum, balle mage mai kilo 3 da za ta taka ta lashe ƙafa. In ɗakin na bukatar feshi, kuma yana bukata, a kira wanda ya san aikin, a fitar da dabbobi da yara da kwanukan abinci, kada kowa ya koma sai ya bushe. Sannan ka sayi siminti ka toshe tsagar bangon.

Ranar Asabar ina tafe duba mara lafiya, in Allah Ya kai mu. Zan zo mata da kifi, kai kuma in zo maka da gurasa ko ka san akwai abinci a duniya. A ajiye mini rake mai kyau, faten ku ci abinku. Kafin nan ka ɗauki kwalin maganin nan ka kai asibitin jami'ar, ka nuna wa likita, ka ce masa mage "ce". In kuma akwai Bazazzagen da yake ganin na zalunci ɗan'uwansa, fili a buɗe yake, ya rubuto, zan gyara masa Hausar kyauta.