Barewa da Karen Iyaka

Ga ta nan, ga ta nanku.

A ƙasar Eritiriya, can gaɓar Bahar Maliya, dabbobi sun shekara 30 suna yaƙi kafin su ƙwaci dajinsu daga hannun Habasha. A 1993 aka naɗa Zaki sarki. Bai sauka ba har yau, bai kuma taɓa tambayar kowa ko ana son sa ba. Ya sa aka yi shela cewa duk ɗan da ya tasa a kai shi sansanin Sawa, ya yi wa daji bautar wata 18. A 2002 ya ce bautar ba ta da ranar ƙarewa.

Barewa ta tafi tana budurwa. Ta yi ta dakon dutse har gashin bayanta ya zube. Ranar da aka ba ta hutu ta je gida, uwarta ta shafa bayan nan, ta daɗe ba ta ce uffan ba.

"Inna, in na gudu za a ci ki tarar nakfa 50,000."

"Tara tawa ce, 'yar nan. Ke dai tafi."

Uwar ta kwashe rumbunta kaf ta ba Gizo, mai fitar da dabbobi ta garin Tasanai. Daren da babu wata suka tashi, Barewa da Zomo da wasu, suka bi busasshen kogin Gash. Ƙaya na tsaga ƙafa, ba mai ikon cewa wayyo.

Gab da iyaka sai ga wani tsohon Kare da bindiga. Gizo ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Kare ya haska fuskar Barewa.

"Ɗiyata, zagaye na nawa kike a Sawa?"

Ta faɗa masa, murya na rawa.

"Ni ran da aka kawo ni ba a haife ki ba. 'Ya'yana sun girma, ba su san haushina ba." Ya yi shiru. "An ce in harbi duk mai ƙetarewa. Ku yi yamma, kada wanda ya waiwaya."

Ya juya gabas ya saki harsashi, yana ta haushi, sauran masu gadi suka ruga can.

Ashe Gizo ya riga ya sayar da su. A hayin Sudan Kura na jira da mota. Ta cafke Zomo ta yi Sinai da shi, inda a lokacin ake ɗiga wa bayi narkakkiyar roba a jiki, a kira danginsu a waya su ji ihun, su aiko da kuɗin fansa. Barewa gudu ya cece ta.

Da asuba ta hango duwatsun Taka, ta shiga Kasala tana tangaɗi. Wata tsohuwar Tunkiya Bahausa, daga jikokin mahajjatan da suka zauna a nan, ta miƙo mata ƙwaryar ruwa.

"Sannu, baiwar Allah. Sha a hankali."

Daga nan aka kai ta sansanin Shagarab, ta shiga layin jiran takarda.

Kare kuwa, wani ya kai gulmarsa. Aka kulle shi cikin kwantenar ƙarfe a tsakiyar rana. Gizo ya koma Tasanai, ya tarar da wata uwa na jiransa da ƙunshi a hannu.

Ƙurunƙus kan kusu.