Masu Laftof da Kukan Fanka

Wuni biyu na yi a kan bencin wani mai gyaran kwamfuta a Farm Centre ta Kano, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har kwalta tana laushi. Laftof ɗina na kai, don ta fara kuka kamar injin markaɗe. Kafin layi ya zo kaina na gama karatun mutane.

Akwai Alhaji Sai-Bakwai. Ko gama sallama bai yi ba ya ce, "i7 ce?" Aka ce i5 ce, ya ɓata rai kamar an miƙo masa shayi ba madara. Yaron shago ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba zamaninta ma. Wannan i5-8250U ɗin ta 2017 murhu huɗu, wato core, gare ta a ciki, waccan i7-7500U ɗin da ta girme ta murhu biyu ne kacal." Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Yaro, tun kafin a haife ka bakwai ta fi biyar." Ya biya ya tafi. Aikin da zai sa ta kuwa bai wuce lissafin buhunan shinkafa da kallon hotunan biki ba.

Abin da yaron bai samu bakin faɗa ba shi ne harafin da ke wutsiyar lambar. Mai U wutar da take ci wajen wat 15 ce, mai H kuwa wajen 45. Duk wutar da furosesa ta ci zafi take komawa, zafin nan kuma a yawancin laftof fanka ce ke fitar da shi. In fankar ta kasa, zafi ya doshi digiri 100, furosesar da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ka sayi doki, ka wayi gari kan jaki, sitikar i7 ɗin tana nan daram.

Sai Mai Kunne. Shi ya ji labarin ƙara, ya zo da shiri. Ya ɗaga laftof ya kanga a kunne, ya lumshe ido kamar mai zaɓen kankana, alhali janareto uku ne ke ruri a ƙofar shagon, mai rake na ihu. Ya ce, "Wannan shiru ce." Ƙarfe biyun dare, unguwa ta yi tsit, zai san gaskiya, matarsa ma za ta sani.

Wanda na fi tausaya wa shi ne ɗalibin nan mai katifa. Ya ɗora laftof ɗinsa a kan bargo mai laushi, ya toshe duk ƙofofin da take shaƙar iska ta ƙasa, ya kunna fim mai dogon zango, ya yi barci ya bar ta. Da safe ga shi a shago yana rantsuwa an cuce shi. Mai gyara ya shinshina ta ya ce, "Ɗan'uwa, turaren wutan ɗakinku mai kyau ne."

Kishiyarsa shi ne injiniyan gida, kuma wannan sai an zauna. Ya fara da murafen kwalba huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace kusurwar laftof ɗin, wanda a gaskiya dabara ce mai kyau, don iska na samun hanya. Da ya tsaya a nan da an yaba masa. Ina! Ya juya mata fankar ɗaki gaba ɗaya, yara na gumi ita tana shan iska. Ya sayo faifan nan mai fanka da fitila shuɗiya da ake ɗora ta a kai, ƙara ta zama biyu. Rannan sai ya ɗauko ledar fiyawota mai ƙanƙara ya shimfiɗa mata a ƙasa. Ta yi sanyi kam. Raɓar da ta taru a jikin ledar ita ta kawo shi bencinmu, yana ta nanata cewa ai ledar ba ta fashe ba.

Masu wasan gem su ƙarar ce ma abin alfahari, irin na yaran da ke cire wa babur salansa. In fanka ta tashi sai ka ga ɗayansu ya kalli abokinsa yana murmushi: "Ka ji ƙarfi?" Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mai MacBook Air kuma wa'azi ya zo yi. Tun da Apple ta fitar da M1 a 2020 ba ta sa wa Air fanka ba, shi ya sa yake bin mutane yana cewa, "Saurara. Ka ji wani abu?" Ba ka ji ba. Amma ba shi dogon bidiyon biki ya haɗa da azahar, za ka ga ita ma ta rage gudu, a ɓoye, irin na 'yar babban gida da ba ta kuka a gaban baƙi.

Mai shago amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Haka suke, Yallaɓai."

Da layi ya zo kaina, mai gyara ya kwance bayanta, ya zaro wani curin ƙura daga haƙarƙarin da iska ke fita, kaurinsa kamar lagwanin fitila, ajiyar hunturu uku. Ya kankare busasshen man da ke kan furosesa, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar. Ni da na zo da niyyar tambayar kuɗin i7, sai na haɗiye maganata. Yanzu ta yi shiru har ya dame ni. Ina cikin rubutu sai in sunkuya in kanga kunne, in ji ko tana da rai.