Laifin ido ne, in ji Gazali

Idona ba ya gani da nisa, kuma gara a zane ni a kasuwa da in faɗi haka da bakina. Abin da mutanen ƙauyenmu suke ɗauka zurfin karatu ne, rufa-rufa ce kawai.

Ina koyarwa a firamare, nan kudu da Wad Madani, na fara lura cewa in na koma bayan aji rubutun allo sai ya narke. Mai hankali da sai ya hau mota ya nemi likita. Ni kuwa littafi na nema. Allah ya haɗa ni da al-Munƙiz na Imam Gazali, malamin Nizamiyya ta Bagadaza da ya rasu a 1111, inda ya ba da labarin shakkar da ta kama shi har ya daina yarda da gaɓoɓinsa. Ka dubi inuwa, ka rantse a tsaye take, bayan sa'a guda ka tarar ta gusa. Ka dubi tauraro ka ga bai wuce dinari ba, lissafi kuma ya nuna ya fi duniya girma. Hankali ya ƙaryata ido, to wa ya ba ka tabbacin babu wani alƙali a sama da hankalin? Shi Gazali abin ya zame masa ciwo na kusan wata biyu. Ni ya zame mini garkuwa.

Wata rana da magariba, lokacin cirar auduga, na hango surukina a gefen hawasha, wato gonarmu, sanye da farar jallabiya. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Baba, barka da yamma, yaya gajiya?" Shiru. Na ƙara sunkuyar da kai na tambayi mutanen gida. Sai da yaran da ke awo suka fashe da dariya na gane buhun auduga nake gaisarwa. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa, na yi musu lacca a kan yadda ido ke yaudarar ɗan Adam. Kashegari na wuce Baban na gaskiya a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ban ce masa uffan ba, don na ɗauka buhu ne.

Wannan kuskure dariya kawai ya jawo. Na ruwa ne ya kusa raba ni da yayana. Yankinmu na Jazira shimfiɗe yake, baƙar laka mai tsattsagewa, kuma tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 noman nan ya rataya a kan ranar da aka sako maka ruwa daga magudanar Abu Ishirin. Yaya ya aike ni da tsakar rana in dubo ko ruwa ya shiga dawarmu. Rana ta ƙwalle, na tsaya daga nesa, na ga wani abu yana ƙyalli, na dawo na ce ya cika fal. Kawalwalniya ce. Iskar da ke dab da ƙasa ta yi zafi, ta lanƙwaso hasken sama zuwa idona. Haka na bayyana masa bayan ganyen dawar ya nannaɗe. Ya ce, "Ustaz, da ƙafa ake duba ruwa."

A laccocina ina yawan kiran Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a ƙarni na 11. Shi ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da haske ba, kuma yawancin abin da muke kira gani hukunci ne da zuciya ke yankewa cikin ƙiftawa, bisa abin da ta saba. Fari, tsaye, a gefen gona: suruki. Sai dai ya jera sharuɗɗan gani ingantacce, su nisa da haske da tsabtar iska da isasshen lokaci, kuma a cikinsu akwai lafiyar idon kansa. Wannan ɗayan nakan yi tari in tsallake shi.

Abin da ya fi ban kunya, in wani ne ya kawo labari sai in juya riga in ce gani ya kori ji. Goggota ce ta kama ni a nan, tana zuba jabana, wato gahawa, a ƙarƙashin rumfa. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin Sakkwato?" Ban taɓa ba. Ban ga Burmi ba, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ban ga ɗansa Muhammadu Bello yana sauka a bakin Nilul Azraƙ ya kafa Mai Wurno ba. Kakanninmu sun tako da ƙafa suna nufin Makka da ba su taɓa gani ba, wasu suka tsaya cirar auduga don neman guzuri, har yau ga mu. Malaman usulu suna kiran irin wannan labari mutawatiri, suka ce yana ba da yaƙini, kuma samuwar Makka ce misalin da suka saba kawowa. Goggo ba ta karanta usulu ba, ta dai miƙo mini kofi ta ce in riƙe da kyau, nan yake, ba can ba.

Ƙarshe uwargida ta tasa ni gaba zuwa Madani. A layi na kasa kunne ina haddace amsoshin wanda ke gabana, na shiga na zuba su tiryan-tiryan. Likita ta canja allon. Aka ba ni tabarau mai kauri. Ranar farko da na sa shi, na ga fuskar surukina sosai, na gane ashe shekarun nan duk hararata yake yi. Yanzu sai na je Sinnar, inda ba a san ni ba, nake fito da shi daga aljihu.