Dawaki 250 da Shanu Biyu

Duk wanda ya ce maka inji shi ne mota, ka tambaye shi ko ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta. Masu kallo daga sama su ne ke buɗe bonet suna jinjina kai. Abin da ke fitar da mutum daga taɓo, ko ya kwanar da shi a daji, yana can ƙasa cikin baƙin mai, inda ba mai ɗaukar hoto.

Motar da ake magana a kanta Land Rover ce, Series III, gajeriyar nan mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, ƙirar shekarun 1970. Gadonta na ci daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin malamin gona da ita har ya ajiye aiki. Injinta na fetur ne mai lita 2.25, kuma ko a ƙuruciyarsa ƙarfin dawaki 70 ne da shi ko kusa da haka. Zuwa zamanina dawakan sun tsufa: hayaƙi shuɗi, shan baƙin mai, tari da asuba. Amma tana kai ni fadama da damina, ta dawo da ni.

Makanikena ne ya fara sa mini ra'ayi. "Alhaji, injin nan ya gama aikinsa. Akwai na Lexus ɗan Beljiyam, V8. Ka taka totur a Kano, kafin ka ɗaga ƙafa kana Wudil."

Kuma a kan injin bai yi ƙarya ba. 1UZ-FE sunansa, lita 4.0, Toyota ta fito da shi a 1989 cikin Lexus LS400, dawaki 250, ga shi ba ya ƙara ba ya girgiza. Na sayar da bijimi, na tafi Ƙofar Ruwa na ɗauko shi da giyabos ɗinsa da kwamfutarsa da tulin wayoyi. Tsohon injin kuwa na bai wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da ban so uwargida ta sani ba.

Sai da aka sauke shi a gareji aka lura da abu biyu. Injin nan tun da aka ƙera shi bai taɓa zama da giyar hannu ba, da otomatik yake zuwa, saboda haka ba shi da filawil ɗin da kuloci zai kama. Giyabos ɗin nasa kuma na motar birni ne mai jan baya kaɗai, wutsiyarsa a tsuke, babu inda za a ɗaura ogzilari. Ga wanda bai sani ba, ogzilari shi ne ƙaramin akwatin da ke manne a bayan giyabos, yana raba ƙarfi tsakanin farfelar gaba da ta baya, kuma yana da tasa giyar ta jan nauyi. A motata sanduna biyu ke masa magana. Ka danna mai kai ruwan ɗorawa, tayoyi huɗu su kama. Ka ja mai jan kai baya, mota ta koma rarrafe da ƙarfin da ke tumɓuke kututture.

"Wannan ba matsala ba ce, Alhaji," in ji makanike. Kalmar nan kuwa duk sanda ya faɗe ta wata dabba ce ke barin garkena.

Aka kira mai injin sassaƙa ƙarfe. Ya auna da kwalin sabulu, ya yanka faranti mai kauri, ya huda ramukan Japan a gefe guda, na Ingila a ɗayan, ya sassaƙa filawil. Auren dole ke nan aka ɗaura tsakanin ango ɗan ƙwalisa da tsohuwar giyabos wadda ba a ko tambaye ta ba, ni ne waliyyin ɓangare biyu, ni ne kuma mai biyan sadaki.

Ranar da aka tayar, unguwa ta cika. Na zauna, na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci kamar yadda na saba saki shekara da shekaru. Sai aka ji ƙas! Inji na ruri, mota ko motsi. Sandar aksil ɗin baya ce ta tsinke, irin mai haƙori 10 ɗin nan da masu tsohuwar Land Rover ke yawo da safiyarta ƙarƙashin kujera. An yi ta ne don injin da juyinsa bai kai rabin na wannan ba. Guntayenta kuma suka shiga ƙoƙon giyar aksil suka yi ɓarna a ciki.

Aka samo wani ƙoƙon, na tsohuwar Range Rover. Ya zauna daram, noti ya bi noti, ramuka ba su yi gardama ba. Mota ta hau kwalta tana gudun da ba ta taɓa yi ba, har wani ɗan acaɓa ya ɗaga mini babban yatsa. Na ce ai shi ke nan, a je gona, kuma uwargida ta zo ta ga inda bijimin ya tafi.

Ta shiga da ƙwaryar furar 'yan aiki a cinya. Muka bar kwalta, muka bi burji. Tun kafin mu isa mashigin rafi, a kan tsandauri, na miƙa hannu cikin isa na danna mai ruwan ɗorawa. Motar ta ɗan tafi, ta ƙage, ta yi tsalle. Ta sake tafiya, ta sake tsalle. Tayoyin baya na kartar ƙasa, na gaba na turjewa, sitiyari na rawa, faifan ƙwarya ya yi sama, fura ta bi gilashi tana gangarowa.

"Malam, haka Lexus ɗin yake tafiya?"

Ban amsa ba, don a lokacin ne wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin kujera, irin ƙarar da ba ta buƙatar tafinta.

Ga abin da ya faru, kuma kowa ya riƙe shi. Ƙoƙon aksil na Series lissafinsa 4.7 ne, wato farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Na Range Rover 3.54 ne. Muddin baya kaɗai ke ja, ba wanda zai sani, sai ma gudu da ya ƙaru. Da aka ɗaure gaba da baya wuri guda, tayoyin baya na neman wuce na gaba da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a busasshiyar ƙasa babu santsin da zai raba gardama. Sai ƙarfe ya raba. A gareji aka kwance notin ƙasan giyabos, aka tara tasa. Mai ya fito yana walƙiya da garin ƙarfe. Yaron makanike ya sa yatsa yana tsamo haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da tsumma, yana jerawa a kan bulo, manya gefe, ƙanana gefe. Ya tambaye ni ko zan tafi da su gida.

Daga nan aka ce a koma wa giyabos ɗin Lexus ɗin, tunda da shi injin ya saba. A bar ogzilari gaba ɗaya, wai dawaki 250 ba sa buƙatar taimakon tayar gaba. Giyabos ɗin dogo ne, motar gajeriya, sai farfelar baya ta zama guntuwa. Ga kuma wata: shi yana fitar da ƙarfi ta tsakiya, ita kuwa Land Rover ƙoƙon aksil ɗinta, gaba da baya, a karkace yake zuwa dama. Guntuwar farfela ta kwanta a kaikaice, da ka ɗan yi gudu madubi ya daina nuna komai sai rawa. Na daure da wannan. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, na shiga fadama, tayoyin baya suka haƙa wa kansu kabari cikin ƙiftawar ido, na gaba na tsaye suna kallo. Wani dattijo da ke huɗa a gonar kusa ya kwance shanunsa biyu, ya ɗaura kaca, ya ce "haa", muka fito. Ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya roƙa kawai shi ne in sake kunna injin ya ji, don daɗin ƙararsa.

Ogzilari dai ya zama dole. Wani ɗan kamisho ya kawo na Jeep Cherokee, NP231, mai sauƙin nauyi, kaca ke jan gabansa, ya rantse ba a taɓa buɗe shi ba. Aka ɗaga shi aka kara. Bakin da farfelar gaba ke fita yana hagu. Ƙoƙon aksil ɗina na gaba yana dama. Tsakaninsu kuma ga cikin inji.

Makanike ya yi shiru, ya sosa ƙeya da sufana, fuskarsa ta washe. "Alhaji, sai mu kifar da aksil ɗin. Sama ya koma ƙasa, dama ta koma hagu."

Na ce madalla da basira. Har an kwance an kifar a ƙasa, sai wannan yaron mai jera haƙora ya tsuguna, ya shafa alli a bakin da taya ke zama, ya kama wurin ɗaura farfela ya juya da hannu. Allin ya tafi baya. Ya sake juyawa, ya sake tafiya baya. Ya ɗago ya ce, "Oga, in aka ɗaura haka, gaban motar gida zai nufa, bayanta gona." Aka kore shi sayo ruwan sanyi, aka mayar da aksil yadda yake ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Sai aka gwada na Toyota, labarinsa ba zan ja shi ba. Giyabos daga hannun wani, ogzilari daga hannun wani, kowanne lafiyayye. Sandar giyabos haƙori 23, ramin ogzilari 21. Toyota ta yi iri biyun duka, kuma daga nesa ba ka bambancewa sai ka ƙirga. Mun ƙirga bayan an biya.

Wani abokin mahaifina ne ya tura ni wurin wani tsoho da ya yi aiki a garejin ma'aikatar gona tun Land Rover na motar hukuma. Na je da shirina a baki, don a lokacin na yi karatu. Na ce masa LT230 nake so, ogzilarin Defender da Discovery, duk giya ne a cikinsa babu kaca, jan nauyinsa 3.32, kuma bakunansa biyu suna dama daidai da aksil ɗina.

"Ka yi gaskiya, ɗan nan, akwati ne na kirki. To amma shi kullum tayoyi huɗu yake ja, har a kwalta. Gaban Defender an yi masa gaɓar da ke juyi sumul ko an karya sitiyari. Na taka motar kuros ne irin na farfela. Ka karya kwana da shi yana ja, sitiyari zai riƙa fizgar hannunka. Sai ka sake aksil. In ka sake na gaba, ka sake na baya. In ka sake su, ka sake birki, don gangunan nan ba za su tsayar da V8 ba. Me ya rage na mahaifinka? Lamba?"

Na ce, "Baba, to ƙarfin fa?"

Ya ɗauki ƙusa ya rubuta a ƙasa. Giya ta ɗaya 3.68. Jar sanda 2.35. Aksil 4.7. Ya ce in buga a waya. Na buga, ya ba ni 40 da ɗoriya.

"Inji ya juya sau 40, taya sau ɗaya. Da wannan tsohonka ya riƙa haye rafi da buhunan taki, ba da ruri ba. Mai sauya inji daga taya yake fara lissafi, ya zo aksil, ya zo ogzilari, ya zo giyabos, sannan ya tambayi wane inji za su iya ɗauka. Ina tsohon injin?"

Na ce ya gama aikinsa.

"Hayaƙi shuɗi? Ringi ne. Aikin yini biyu."

Garin neman ƙiba dai an samo rama. Aka shiga cigiyar inji mai lita 2.25, wanda yanzu ya yi wuya. Da ƙyar ɗan kamisho ya samo guda, an wanke shi da fetur, an fesa masa fenti, ya ce bai daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, wata tsohuwa ce ke zuwa coci da shi a Ingila. Na biya ninkin abin da 'yan gwangwan suka ba ni har da ƙari. Da aka kawo, Baba ya zagaya shi, ya kankare fenti da farce a gefen murfin sama, sai ga wata walda mai kamar ƙugiya. Ya ce shi ya yi ta da hannunsa, ranar da mahaifina ya yar da murfin a kan dutse. Uwargida ta ce aƙalla tsohuwar ta kula da shi.

An sa ringi, an samo giyabos na Series, an mayar da 4.7 baya, mota na zuwa fadama. Saura kayan da suka cika zaure har baƙi na shigowa a kaikaice: injin Lexus V8 guda da kwamfutarsa, giyabos otomatik, ogzilarin Jeep mai baki a hagu, giyabos na Toyota mai haƙori 23, ogzilarinsa mai 21, ƙoƙon aksil 3.54, da faranti mai ramukan ƙasa biyu. Mai bukata ya zo da allinsa da abin awonsa, ya ƙirga a gabana, don kayan da aka saya ba a mayarwa. Ana karɓar bijimi.