Bismillah, wuce

Da C++11 ya kawo unique_ptr da shared_ptr a 2011, masu rubuta manhajar kwamfuta suka ce sun huta da delete. Ashe da sauran rina a kaba.

Tun kafin a kai ga delete ma, ka jera mambobin aji a magininsa (constructor) yadda ranka yake so, C++ bai san da wannan ba. Shi jerin da ka yi wajen ayyana su kaɗai yake bi. In taga tana sama, ma'ajiyar bayanan da take buƙata tana ƙasa, to tagar za ta riga ta zuwa, ta miƙa hannu ta kama iska.

Abin dariyar ma yana wajen shared_ptr. Babbar taga ta riƙe ƙarama, ƙarama ta riƙe babba. Lokacin tashi ya yi, sai su tsaya kamar dattawa biyu a bakin zaure: wuce Alhaji, a'a Malam kai ka wuce. Ƙidayar masu riƙe da kowacce ba ta taɓa sauka sifili, ƙwaƙwalwar kwamfuta tana ta cika, mai ita yana zagin Windows, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malam, mai da ɗayan weak_ptr, kowa ya kama gabansa.