Faifan Rabi

Jiya da la'asar abin ya faru, har yanzu in na tuna sai gumi ya karyo mini. Baban Zainab, wadda aka sa mana rana, ya dawo daga Umara da faifan DVD na ziyarar Madina, na'urar falonsa kuwa ta mutu tun bara. Aka ce ai surukin gida ɗan kwamfuta ne. Na saɓo laftof, na durƙusa na kwashi gaisuwa, na ɗora ta a kan darduma a zaure, na danna maɓallin tiren faifai. Ta yi ƙirrr, ta yi shiru. Na sake dannawa, ko gezau.

Nan Kawu Sale ya gyara zama. Da fari ya ce ƙurar hunturu ce, in hura mata. Na hura. Ya ce a aiko da man keken ɗinki. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, akwai ɗan idon gilashi a ciki da ke karanta faifai, mai ya taɓa shi an gama." Ya ce to in miƙo ta ya ɗan buga mata tafi biyu a ƙeya, haka yake wa rediyonsa tun zamanin Shagari. Har ya miƙo hannu. Na rungume ta, na shiga bayani cewa rumbun ajiyarta, wato had-dis, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 a minti guda, ga wata allura tana shawagi a kansa, tsakaninsu bai kai kaurin gashi ba. In aka buga ta tana kunne, allurar ta karci farantin, duk abin da na tara ya tafi.

Kawu ya yi jim, ya ce, "Dubu biyar a minti, ba ci ba sha? Ai gajiya ce. Bar ta ta huta." Ya ɗauko mahuci ya shiga yi mata fifita da gaske, yana yi yana mata sannu.

Ƙanin Zainab, ɗan firamare, shi ya ruga cikin gida ya ciro fil daga ɗankwalin Hajiya. Akwai ɗan rami a fuskar tiren wanda aka yi don irin wannan rana. Ya zura fil, tire ya yi ƙas, ya leƙo. Yaro ya jawo shi gaba ɗaya.

Ashe da faifai a ciki. Tun da filas ya shigo ban ƙara buɗe wurin ba. An manna masa takarda jar zuciya, gefenta ya ɗago, ita ce ta riƙe tiren. A ƙasa, da maka baƙa, manyan baƙaƙe.

Baba bai yi gaggawa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya laluba aljihun gaba, ya fito da tabarau, ya goge da bakin riga, ya saka. Ya ɗauki faifan da yatsu biyu ta gefe, yadda masana suka ce a riƙe shi, ban san inda ya koya ba. Ya karkata shi wajen hasken ƙofa, ya karanta a hankali kamar mai sanarwar ɗaurin aure: "Waƙoƙin soyayya. Daga Rabinka ta har abada."

Bayan labule na ji an ajiye tiren shayi da ƙarfi. Na san hannun.

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, wace ce Rabi?"

Na buɗe baki, sai ƙirrr.

Kawu ya ajiye mahuci, ya matso kusa da kunnena, ya yi raɗa irin wadda ake ji har bakin titi: "Da ka bar ni na buga ta, da ta mutu da sirrinka."