Mota Mai Ladabi

Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda dillalan mota ke kira End of Discussion, kuma lafiyarta lau take har lokacin da wayata ta fara nuna mini wasu motoci da cikinsu ke kusan shafar kwalta. Mutum ya haura arba'in, yana da furfura a gemu da 'ya'ya a sakandare, amma sai ga shi tsakar dare yana kallon samarin Los Angeles suna tuƙa mota a durƙushe. Har tarihin abin na bi. 'Yan asalin Meziko ne suka yayata shi a can bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi dokar hana duk motar da wani sashenta ya sauka ƙasa da bakin rim, sai suka koma sa mata famfon haidirolik, ta ɗaga idan an hango ɗan sanda, ta kwanta idan ya wuce. Wannan darasi na famfo shi ne na tsallake, saboda tsada.

Wani matashi mai walda a bayan gari ya ce aikin ba ya kai la'asar. Ya ciro sifirin guda huɗu, ya jera su a ƙasa, ya kanne ido ɗaya, ya sa injin yankan ƙarfe ya datse zagaye biyu-biyu. Na tambaye shi ma'auni, ya ce, "Oga, ido na nan." Da aka sauke ta daga jak kuwa ta yi kyau. Wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. A tsaye, babu motar da ta kai ta kyau a duk unguwar Gesse.

Matsalar ita ce mota tafiya ake yi da ita. Ƙofar gidana na da ɗan gangaren siminti da ni kaina na sa aka ɗaga saboda ruwan damina, a nan bamba ta fara barin fenti. Na sayo katako biyu, yara suka sami sabon aiki safe da yamma. A cikin gari kuma kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaba na zabga mini oda a baya. Akwai wani Bakatsine a ofishinmu, kuma kowa ya san Bakatsine ba ya ganin Bakabe irina a kwance ya wuce. Shi ya raɗa mata suna mai ladabi, wai ta fi matan yanzu tarbiyya, ba ta wuce tudu sai ta durƙusa ta gaishe shi.

Daga nan sitiyari ya karkace, motar ta riƙa ja hagu. Mai faci ya ce iska ce, aka daidaita iska. Wani ya ce tayarod ne, na saya. Wani ya ce boljoyin, na saya. Duk wanda na tsaya a garejinsa sai ya sami abin da zai canza, ba kuwa wanda ya ce mini uffan game da sifirin, don mai neman abinci ba ya zagin mai tuwo.

Ana haka tafiyar Argungu ta taso, gaishe da surukai. Kimanin kilomita 50 ne, hanyar da na saba bi ina sauraron rediyo. Wannan karon kowane ɗan gargada sai na ji gum a ƙashin bayana, gaban motar na tsalle, sitiyari na fizgar hannuna da kansa. Kafin Ambursa uwargida ta daina magana, ta koma salati. Gidan surukina ba shi da nisa da Matan Fada, inda tun 1934 ake taruwa bikin kamun kifi, lungun kuwa rairayi ne. Nan mai ladabi ta kwanta da ciki, tayoyi na juyawa a banza, sai da yaran unguwa suka turo mu har ƙofar gida, Baba na zaune kan tabarma yana kallo. Bai ce komai ba. Da za mu tafi ya sa aka loda mana buhun shinkafa biyu na noman rani. Wa zai ce wa surukinsa a rage kyauta? Tayoyin baya suka shige cikin madigadi, muka kamo hanya da ƙaurin roba.

Wani dattijon bakanike a bakin hanyar fita gari ne ya tsayar da wasan. Tsoho ne da ya koyi aiki a kan Peugeot 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna, ya ce, "Malam, wa yay yi maka wanga aiki?" Na ce wani yaro ne. Ya ce, "Yaron ya biyo ka gida da injin yanka?" Na yi shiru.

Ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya kama hannuna ya cusa bayan tayar gaba. Daga waje taya sabuwa ce, zanenta raɗau. Daga gefen ciki kuwa sumul, har waya ta fara leƙowa ta soke ni a yatsa. Ya ce idan aka sauke mota, kan taya yakan kwanto ciki, gindinta ya buɗe waje, sai nauyi ya koma kan gefe ɗaya. Bakin tayoyin ma ya daina kallon gaba sak, shi ne suke jan ƙasa suna cinye kansu. Ya haska shokazoba da tocila, duk ta jiƙe da mai: an rage mata wurin motsi, kullum tana dukan ƙarshenta, dole ta fashe. Gum ɗin da nake ji ke nan. Tayarod kuma ya tashi daga kwance ya koma a karkace, don haka duk sanda taya ta hau tudu sai ya ja ta gefe. Robobin bushin an ɗaure su a tsayin da motar take da, yanzu a murɗe suke zaune, biyu sun tsage. Sai ya kawo zare ya auna daga ƙasa zuwa madigadi hagu da dama. Hagu ta fi ƙasa da kusan yatsa biyu. Idon yaro ke nan.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne, a iya shekarunsa masu mota ɗaga ta suke kawo masa ya yi. Direbobin Golf da Sharon masu lodin shinkafa da albasa zuwa Jega da Kamba kullum roƙonsu a ƙara wa baya tsayi. Ni ne na farko da ya gani ya biya kuɗi aka rage.

Duk da haka ban sallama nan take ba. Na kai ta wurin alaimen na kwamfuta, na ce a gyara ƙafar a bar mini tsayin yadda yake. Suka ɗaura na'urori a tayoyi, suka saita bakin taya ya koma kore a allo, amma kwanciyar tayar ta tsaya ja wur. Mai aikin ya ce wannan ƙirar ba a yi mata wurin saita kwanciya ba, sai an sayo wasu hannuwa na musamman daga waje, kuɗinsu kuma ya ambata a dala. Na tambayi kuɗin sifirin 'yan Beljiyam guda huɗu. Aka haɗa da shokazoba, da bushin, da tayoyi biyu, da walda a salansa, aka sake alaimen bayan komai ya zauna. Jimillar ba zan rubuta ta a nan ba, uwargida na karanta mujallar nan.

Kwanan baya Bakatsinen nan ya same ni ni kaɗai a wurin ajiye motoci. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce ƙaninsa ne, ba shi ba, ke son a ɗan sauke masa Corolla, ko ina da lambar yaron nan mai walda? Na ba shi, na ce aikinsa babu na biyu, ya tabbata ya ce a cire zagaye uku.